Sha Ɗaya Sau Tara

Akantata, Madam Wojcik, ba ta ɓata baki.
Ta turo mini fom a kan tebur, ta ce,
"Lorna, kyandirorin nan naki, a ina suke kwana?"
Na ce a ɗakin ƙasa, kusa da injin ɗumama gida.
"Kina da shago a wani wuri?"
Babu.
"To, je ki auno mini wurin.
Hukuma ba ta san kimanin ba,
lamba take so, ta zauna mata daram a layi."

Maris ne a Duluth.
Tafki bai yarda ya narke ba tukuna,
jiragen dakon tama na tsaye a bakin gaɓa
kamar shanun da aka manta a turke.
Na sauka matakala goma sha biyu,
na tsallake ta bakwai, mai kuka,
wadda Arvo ya yi shekara takwas yana cewa gobe.

Tef ɗin awonsa na nan a aljihun tebur,
da yatsansa na maiko har yanzu a jikin ƙarfen.
Na ja harshensa, na maƙala a bango,
ya kuɓuce, ya dawo ya mare ni a hannu.
Aikin mutum biyu ne, ashe:
wani ya riƙe, wani ya karanta.
Na danne bakin da gwangwanin kakin zuma.

Ƙafa goma sha ɗaya daga bango zuwa ginshiƙi.
Tara daga ginshiƙi zuwa taga.
A ciki akwai kanta huɗu,
kwali sittin da uku,
lagwani a naɗe kamar taliya,
kwalaben da na wanke da dare
sa'ad da barci ya ƙi zuwa.
Duk ɗakin ƙanshin zuma yake
da ɗan warin danshi.

Na ɗauki alli na ja layi a siminti.
Nan kasuwa, can gida.
Sai layin ya ci karo da kwalekwalen.

Bai gama shi ba.
Haƙarƙarin katako ne kawai a kan jakunan aiki,
da fensir a maƙale inda ya ajiye
ranar da ya ce bari ya ɗan hau sama ya kwanta.
Gindinsa ya shigo mini cikin kasuwa
da kamar taƙi biyu.

Na buga waya.
"Na sayarwa ne?" in ji ta.
Na yi shiru har ta ce, "Lorna?"
Na ce a'a.
"Ba laifi ya raɓi kwalaye,
amma kada ki ƙirga abin da kaya ba su zauna ba."

Sai na sa kafaɗa.
Ya fi yadda nake zato nauyi, ya kuma fi sauƙi.
Ya matsa can ɓangaren gida,
inda ba ragi, ba rangwame,
inda ake biyan komai cif.

Casa'in da tara cikin dubu da ɗari.
Tara bisa ɗari kenan na gidan nan:
na wuta, na gas, na inshora,
na rufin da aka gyara bara.
Na tara rasit a gwangwanin biskit,
na kai mata ranar Talata, ƙanƙara na dukan gilashi.
Ta danna, ta danna, ta ɗago kai:
dala ɗari biyu da sha huɗu suka rage mini.

Da babu gara ba daɗi.
Kaki buhu guda ne, da canji.
Canjin na ba yaron maƙwabta, Desmond,
ya zo da guduma ranar Asabar.

Matakala ta bakwai ta daina kuka.
Har yau ina tsallake ta.